Kason Lubna

Tun ranar da dattawan Jiratawa suka fita daga gidan Alhaji Maman Lawali da goronsu a hannu kamar yadda suka shigo da shi, Lubna ba ta ƙara cin abin kirki ba. Sun zo nema wa ɗansu Tanimu aurenta. Aka shimfiɗa musu darduma, aka kawo lemo mai sanyi, sannan aka ce su je za a neme su. Ba wannan ne zuwansu na farko ba, kuma duk Maradi an san ma'anar “za a neme ku”.

Lubna ba yarinya ba ce. Ta gama karatun ungozoma, tana aiki a wani ƙaramin asibiti a unguwar Zariya, har wasu matan da ta karɓi haihuwarsu sun fara yi mata takwara. Amma mace ko ta kai shekara nawa ba ta ba da kanta aure. Mahaifinta Alhaji Ilyasu ya rasu, waliyyinta kuwa ƙanensa ne, Alhaji Maman Lawali, wanda take kira Baba.

Da hantsi mahaifiyarta Hajiya Atika ta shigo ɗakin, ta tarar da kwanon fura yadda ta ajiye shi.

“Ke, tashi ki sha,” in ji ta. Ba ta kiran sunanta, don ita ce 'yar fari, ita ce kuma auta.

“Inna, mi Tanimu ya yi musu? Ɓarawo ne? Mashayi ne? Ko salla ce ba ya yi?”

“Babu ko ɗaya.”

“To mi?”

Hajiya Atika ta zauna a bakin gado, ta daɗe tana gyara bakin zanenta kafin ta amsa.

“Babanki cewa ya yi ba ke yake so ba. Kasonki yake so.”

Lubna ta fashe da kuka, irin kukan da ya fi kama da baƙin ciki fiye da rauni.

Kason da ake magana na wani kamfani ne na busar da zogale da niƙa shi, wanda marigayi ya kafa a Jiratawa. Ba shi kaɗai ya kafa shi ba. Shi ya kawo injuna, ƙanensa ya kawo motocin kai kaya Najeriya. Manoman Jiratawa kuma, da Malam Inusa mahaifin Tanimu a gaba, suka haɗa filayensu na bakin kwalta aka gina rumfunan shanya a kai, aka rubuta musu filayen a matsayin nasu hannun jarin. Kamfani ya zauna daram kamar tukunya a kan duwatsun murhu.

Da Alhaji Ilyasu ya rasu bai bar ɗa namiji ba, aka raba gado yadda addini ya ce. Lubna ta ɗauki rabi. Sauran magada suka sayar wa Baba Lawali da nasu, ya haɗa da nasa ya zama shi ne babba a kamfanin, amma bai kai ya yi gaban kansa ba.

Ita kuwa Lubna, tsakaninta da kamfani sai in an aiko mata da riba. Ko sau ɗaya ba ta taɓa zuwa taron masu kaso ba. Ina ita ina hakimcewa a kujera tana fuskantar Babanta, gaban maza, har a ce mata mene ne ra'ayinta? Ai ko mutuwa tana kunyar idon mahaifi. Kullum aka yi taro kujerarta wayam take.

“Inna, wallahi bai taɓa yi mini maganar kamfanin nan ba.”

“Ni na yarda. Amma ni matar wansa ce, ba ni da baki cikin wagga magana.” Hajiya Atika ta share nata hawayen da gefen mayafi. “Tahi Tsibiri wurin Gwaggonki Tsahara. Ita ta goye shi. Ita kaɗai ce in ta yi tsawa yake sadda kai.”

* * *

Washegari da safe Lubna ta sauka a Tsibiri. Tun daga bakin lungu ta hangi baƙar motar Baba Lawali a ƙofar gidan. Ashe Gwaggo ta riga ta aika masa ya zo. Ɗansa Chaibu na jingine da motar yana kaɗa makulli a yatsa. Shi ne wanda dangi suka daɗe suna raɗa cewa shi ya dace da ita, don dukiya ta tsaya a gida. Kyakkyawa ne, ba laifi, sai dai in yana magana da mutum kamar yana taya kaya a kasuwa.

“Ƙanwata, manomin naki bai gaji da aiko tsofaffi ba?”

Ba ta ko kalle shi ba ta shige.

Gwaggo Tsahara na zaune a inuwar rumbu tana ɓarar wake, Baba Lawali na gefe a kan tabarma ya cire hula. Lubna ta durƙusa ta gaishe su, ta koma nesa ta zauna kanta a ƙasa.

“Lawali,” in ji Gwaggo, “marainiya ce. Dibi yadda ta rame. Mi kake so ka gaya wa Ilyasu ranar da kunka gamu?”

“Yaya, ni ban ƙi yaron don talauci ba. Kakanmu ma da jaki ya hwara hwatauci.” Muryarsa a sanyaye take, ba faɗa a ciki. “Amma ubansa na da kaso, ita tana da kaso. Ranar da anka ɗaura auren nan, nata da nasu sun zama ɗaya. Ni in koma baƙo cikin abin da ni da wana munka gina. Ba ki ga dabarar ba?”

“Baba, ba dabara ba ce,” in ji Lubna. “Ko da wasa bai taɓa ambatar kaso ba.”

“Mai wayo ai ba ya ambatar abin da yake so.”

Maganar ta soke ta. Ta tuna Tanimu da tsohon babur ɗinsa, yadda yake ƙin ko shan ruwa a gidansu don kada a ce kwaɗayi ya kawo shi. Wannan mutumin ake kira mai dabara? Zuciya ta ɗebe ta, bakinta ya riga hankalinta.

“In kaso ne ya hana, Baba, na bar maka shi. Ka ɗauka duka. Ni Tanimu nike so.”

Gwaggo ta saki kwaryar waken.

“Ke ɗiya, riƙe bakinki! Kyauta ba aro ba ce. Abin da kika bayar gaban shaidu ya tahi ke nan. Mai komawa ga kyautarsa kamar kare ne mai lashe amansa, ko ba ki ji malamai na hwaɗi ba?”

“Na ji, Gwaggo.”

“To ki kwana da maganar tukuna.”

“Na gaji da kwana da ita.”

Baba Lawali ya ɗauki hularsa ya sa, ya dube ta sosai.

“In da gaske kike, na ji. Su turo ranar Juma'a, ni da kaina zan ba da ke. In ya zo ya ɗauke ki hannu wohi, to na yi masa ƙazahi, kuma zan nemi gahwararsa gaban jama'a. In bai zo ba kuwa, kin ga gaskiyata da idonki, ga ɗan'uwanki nan a ƙohwar gida. Kin yarda?”

“Na yarda.”

Har dariya ta so yi a cikin hawayen. Tanimu ya ƙi zuwa? Ai sai dai in Gulbin Maradi ya juya yana gudu baya.

Aka kira limamin unguwa da wani dattijo maƙwabci. A gabansu ta maimaita da bakinta cewa ta ba Babanta kasonta kyauta, ba tilas, ba ciniki. Akwai tambaya ɗaya da ta zo mata har maƙogwaro, wato me zai yi da shi. Ta haɗiye ta. Ɗiya ba ta tuhumar uba, balle a gaban liman. Ta kuma yi tunanin kiran Tanimu a waya, sai ta fasa. In ta kira shi za a ce ga shi nan, sai da ta nemi izninsa. Ta fi so ta kai masa labarin da ƙafarta, ta ga fuskarsa.

Gwaggo kuwa ta duƙa. Wakenta take tsincewa daga ƙasa ɗaya bayan ɗaya.

A motar Baba Lawali suka koma Maradi, suka zarce ofishin noter, mai tabbatar da takardu a hukumance, ta sa hannu. Abin da ya kamata ya ba ta tsoro shi ne Chaibu. An yi alkawarin ba wani matar da yake so, amma ga shi yana tuƙi yana bin waƙar rediyo da fito. So hana ganin laifi, ashe har haɗari ma yana hana gani.

* * *

Bayan la'asar ɗan kabu-kabu ya sauke ta a Jiratawa. Ko'ina kore shar, injinan ban ruwa na ta tari, mata sun jeru a ƙarƙashin rumfuna suna tsinke ganyen zogale suna hira. Rabonta da jin sanyi a ranta irin na yau har ta manta.

Ta tarar da Tanimu a bakin magudanar ruwa, ya naɗe ƙafar wando, laka har gwiwa. Da ya gan ta ya yar da fartanya, ya wanke hannu da sauri. Suka tsaya ƙarƙashin mangwaro inda kowa ke ganinsu.

“Lahiya? Ke da ba ki zuwa nan?”

“Albishirinka.”

“Goro hwari.”

“Baba ya yarda. Ya ce ku turo ranar Juma'a.”

Fuskarsa ta washe kamar ta yaro. Ya ɗaga hannu sama yana hamdala, har matan rumfa suka juyo.

“Lubna, da gaske? Ya anka yi? Gwaggo ce?”

“Ni ce,” ta ce tana murmushi. “Sun ce kasona kake so. Sai na ba shi kason kyauta, gaban liman, har na sa hannu. Yanzu ba ni da komi sai kai. In ga bakin da zai ƙara yi maka ƙazahi.”

Hannuwansa suka sauko a hankali.

“Kin ba wa?”

“Baba Lawali.”

“Duka?”

“Duka.”

“Ki ce wasa kike. Don Allah, Lubna, ki ce gwada ni kike.”

Murmushin ya mutu a fuskarta. Tanimu ya dafa jikin mangwaron, ya sulale ya tsuguna, ya riƙe kansa da hannu biyu.

“Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.”

“Tanimu, mi na yi? Ka ba ni tsoro.”

Da ya ɗago idanunsa sun kaɗa jawur.

“Tun bara Babanki ke son saida wurin nan. Wani Alhaji zai saya, ya rushe rumhuna ya yi tashar manyan motoci. Ƙa'idar kamfani ta ce ba a saidawa sai nasa ya haɗu da namu ko da naki. Mu mun ƙi. Ke kuma ba ki zuwa taro. Duk ranar da anka zauna, a dibi kujerarki babu kowa, a tashi. Rashin zuwanki ne ke riƙe da mu, Lubna.”

Ta zauna a kan tushen bishiyar, farin mayafinta a cikin laka.

“Don mi ba ka hwaɗa mini ba?”

“Da wane baki? Ranar da na hwara zuwa zance wurinki na yi wa kaina rantsuwa, kalmar kaso ba za ta hito daga bakina a gabanki ba. Don kada a ce.” Ya share fuska da hannun riga. “Ke don mi ba ki tambaye ni ba kahin ki sa hannu?”

“Don kada a ce,” ta amsa, kuka ya ƙwace mata.

Kowa ya shiga nasa kukan. Garin gyaran gira sun rasa ido, kuma ba wanda zai ɗora wa ɗan'uwansa laifi.

“Zan koma,” ta ce tana shessheka. “Yanzu zan koma in durƙusa masa, in ce na hwasa.”

“Kin hwasa kyauta? Wadda kika yi gaban liman? Ko kin iya ɗaukar wannan kunya, takarda ba ta jin kuka.”

“To ai ba ƙwacewa zai yi ba. In ya saida za a ba ku rabonku.”

“A ba mu mu ci, kahin damina kuɗin sun ƙare. Hilin kakanninmu ne. Dibi matan can, wasu mazansu sun mutu, da tsinkar ganyen nan suke ciyar da 'ya'ya. Tashar mota za ta ɗauke su aiki?”

Lubna ta kalli matan. Ɗaya daga cikinsu ma ita ta karɓi haihuwarta, ga jaririn a goye, tana ɗago mata hannu tana dariya. Ta kau da kai da sauri.

“Aikin gama ya gama, Tanimu. Na yi kuskure, Allah ya sani ban yi don cuta ba. Amma ko mun yi aure ko ba mu yi ba, zai saida. To mu tsira da ɗaya. Ka zo ranar Juma'a.”

Ya kau da kai yana kallon rumfunan.

“Tanimu, ka zo ranar Juma'a.”

“Zomo ba ya hushi da makashinsa, sai maratayinsa,” ya ce a hankali. “Ba wanda zai zagi Alhaji Lawali, ɗan kasuwa ne ya yi kasuwancinsa. Ni za a zaga. Za a ce Tanimu ya saida hilin Jiratawa ya sayi mata. Ubana ne ya bi mutanen nan gida gida, ya ce su ba da hilayensu, shi ya tsaya musu. A rushe rumhuna, ni kuma ina angonci? In kawo ki wane gida? Wa zai ci tuwon bikinmu?”

“Mu bar garin. Mu tahi Yamai, mu tahi Kano, ina da aikin hannuna.”

“In bar tsoho shi kaɗai ana nuna shi da baki?”

“Ni hwa? Ni ka bar ni ga wa?”

Kafin ya amsa suka ji gyaran murya. Malam Inusa ne tafe a kan gaɓar magudana, riƙe da sanda, farin gemunsa na kaɗawa. Lubna ta yi maza ta goge ido ta durƙusa har ƙasa.

“A'a, ɗiyar Ilyasu ce yau a gonarmu? Tashi, ɗiyata, tashi. Allah ya jiƙan ubanki, mutumin kirki.” Ya juya ga ɗansa. “Tanimu, yanzu Alhaji Lawali ya kira ni. Wai gobe da sahe akwai taron masu kaso. Na ce masa ai ɗiyarmu ba ta zuwa, zaman banza za mu yi. Sai ya yi dariya ya ce ba sai an jira ta ba. Mi ke nan?”

Tsohon ya dubi ɗansa, ya dubi Lubna da ke durƙushe hawaye na ɗiga a kan laka. Ya sake duban rumfunan. Dattijo ne, ba ya buƙatar a fassara masa.

“Allah ya sa haka shi ne mahi alheri,” ya ce. Ya juya ya kama hanyar da ya fito. Ɗazu da ya zo sandar ado ce a hannunsa, yanzu kuwa ita ke ɗauke da shi.

Da faɗa ya yi mata, da zagi ma, da ta fi samun sauƙi.

Tanimu ya bi bayan mahaifinsa da kallo har ya shige cikin zogale. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ta ba:

“Ba zan zo ba, Lubna.”

Ta miƙe tsaye.

“Ka san abin da Baba ya ce? Ya ce in ba ka zo ba, na ga gaskiyarsa da idona, ga Chaibu nan. Kuma na yarda gaban Gwaggo, don na rantse za ka zo.”

Ya runtse ido.

“Ina da kaso kana sona. Yanzu ba ni da shi, ka ce ba ka zuwa. Duk Maradi haka za ta ba da labarin, Tanimu. Ba wanda zai ce don hili ne, ba wanda zai ce don tsoho ne. Za a ce Alhaji Lawali ya san mutane.”

“Na sani.”

“Ka sani, kuma ka yarda?”

“Bari su hwaɗa. Su rera shi a waƙa in sun so.” Sai a lokacin ya dube ta, hawaye na bin gemunsa, namiji guda, a gaban matan rumfa bai damu ba. “Abu ɗaya nike roƙo. Ke kaɗai. Ko kin shiga gidan Chaibu, ko kin tsuhwa a can, kada ki yarda da su. Ki ce mini ba ki yarda ba, in ji da kunnena.”

Lubna ta dubi mutumin da ta ba da gadon ubanta saboda shi. Ta san gaskiya ya faɗa. Ta ga tsohon, ta ga matan, ta san komai. Amma a ƙarƙashin sanin nan wani ɗan abu ya riga ya tsira mai ɗaci, yana ce mata da safe tana da kaso yana sonta, yanzu babu, ga shi yana sallamarta.

“Lubna, ki hwaɗa.”

Ta buɗe baki don ta ce ba ta yarda ba. Ta sake buɗewa.

Maganar ta ƙi fita.